Jakar Gudun Ambaliya: Abin da Za a Sa a Ciki da Abin da Za a Bari

A daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya biyo kogin Ngadda ya shiga Maiduguri yayin da yawancin mutane ke barci, kuma kafin hantsi ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. A Mokwa ta jihar Neja ma, ranar 29 ga Mayu 2025, da sassafe ruwan ya afka wa gari, ya hallaka sama da mutum 150. A irin wannan hali mai gida ba ya samun lokacin da zai tsaya yana tunanin abin da ya kamata ya ɗauka. Abin da hannunsa ya faɗa a kai cikin duhu shi ne abin da iyalinsa za su rayu da shi na tsawon kwanaki. Wannan jagora ta shafi haɗa jakar da za a sunguma a fita da ita, kuma ra'ayina shi ne nagartar jakar tana ga rashin nauyinta da kuma kasancewar an haɗa ta tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanda maganar ta fi shafa su ne mazauna kwarin Haɗeja, irin su Ringim da Auyo da Guri, da mazauna gaɓar Binuwai tun daga Yola har Makurɗi da Lokoja, inda ruwa ke ƙaruwa idan aka saki madatsar Lagdo ta Kamaru, da mutanen bakin kogin Neja a Yamai da jihar Kebbi, da duk wanda gidansa ke cikin kwari ko kusa da kududdufi ko babbar magudana. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta kuma raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, NIHSA, kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu kafin ruwa ya kankama. Tunda haɗarin ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, watan Mayu ko Yuni ne lokacin haɗa jaka. Jakar nan ita ce kuma za ta yi amfani idan gobara ce ta tashi ko 'yan bindiga suka kawo farmaki.

Mataki na farko: ƙidaya mutane da zaɓen jaka

A fara da rubuta sunan kowa da ke kwana a gidan, har da 'yan riƙo da almajiran da ke kwana a zaure da tsohuwar da ba ta iya tafiya mai nisa, sannan a tantance wane ne zai iya ɗaukar kaya, wane ne kuma shi kansa sai an ɗauke shi. Daga wannan lissafi ne ake sanin yawan jakunkunan da za a haɗa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowane ɗaki ya kasance da jakarsa, wadda ta ƙunshi bukatun uwar ɗakin da 'ya'yanta, domin a cikin ruɗani iyali kan rabu, kuma bai kamata maganin yaron wannan ɗaki ya tafi a jakar wancan ba.

Jakar goyo irin ta 'yan makaranta ita ce mafi dacewa, saboda tana barin hannuwa biyu a sake, a riƙe yaro da ɗaya, a dogara sanda da ɗaya. Idan babu ita, ƙaramar jakar Gana-mas-go ko bokitin roba mai murfi da za a iya ɗorawa a kai za su wadatar; bokitin ma yana da ƙarin amfani, tunda ba ya shan ruwa kuma da shi za a riƙa ɗebo ruwa a sansani. Akwati mai taya ba shi da amfani cikin taɓo. Kowace irin jaka ce, a zura babbar leda mai kauri a cikinta kafin a sa komai, a kuma ɗaure bakin ledar da roba. A ganina kada nauyin jakar babba ya wuce kilo 10 zuwa 12, kuma hanyar gwaji ita ce wanda zai ɗauke ta ya saɓa ta ya yi tafiyar rabin awa; idan ya kasa a busasshiyar hanya da rana, ba zai iya ba cikin ruwa da dare.

Mataki na biyu: takardu

Takardu ne kan gaba, domin ba su da nauyi amma sake samun su yana cin watanni da kuɗi da zirga-zirga. A tattara takardar NIN ta kowa, da katin zaɓe, da fasfo idan akwai, da lasisin tuƙi, da takardun haihuwar yara, da katin rigakafinsu, da katin awon mai juna biyu, da katin asibitin duk mai ciwon da ake bibiya. A haɗa da takardun makaranta, wato sakamakon WAEC da NECO da shaidar kammala karatu, da takardun aiki ko na fansho, da takardun babur ko mota.

Takardun gida da na gona suna bukatar kulawa ta musamman. Bayan ambaliya katanga kan rushe, iyakar gona kan shafe, shuke-shuken da aka yi alama da su kan tafi da ruwa, kuma a lokacin ne rigimar iyaka ke tasowa tsakanin maƙwabta da ma tsakanin magada. Takardar mallaka ta gwamnati, ko takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci da shaidu suka sa wa hannu, ko takardar rabon gado ta kotu, ita ce za ta raba gardama. Haka ma ɗan kasuwa kada ya manta da littafin bashi, uwar adashi kuma kada ta manta da littafin zubi, domin amanar mutane ce a ciki.

A sa takardun cikin leda mai zif, a sake sa ta cikin wata ledar, a naɗe da salatif. Sannan a yi abu biyu na ƙari: a yi hoton kowace takarda da waya a tura wa wani ɗan'uwa amintacce da ke zaune a wani gari ko a adana a imel, a kuma yi kwafinsu a ajiye a gidan dangi da ke kan tudu. A rubuta lambar NIN da BVN da lambar asusun banki a ƙaramin littafi, amma kada a rubuta lambar sirri ta katin ATM a ko'ina. Ana iya nemo NIN ta hanyar danna *346#, BVN kuma ta *565*0#, sai dai hakan yana bukatar layin da aka yi rajista da shi da kuma sabis, kuma duka biyun suna iya ɓacewa a ranar.

Mataki na uku: magunguna

Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai asma, da mai farfaɗiya, da mai sikila, da mai shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki, kowannensu yana bukatar a ware masa maganin aƙalla mako biyu a cikin jaka. Yanke shan waɗannan magunguna na 'yan kwanaki yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko tashin farfaɗiya ko bijirewar cuta ga magani, kuma abin da ya faru a Maiduguri ya nuna cewa babban asibiti ma ruwa yana iya rufe shi. A rubuta sunan kowane magani da adadin da ake sha a takarda, saboda ma'aikacin lafiyar da za a tarar a sansani ba zai gane «farar ƙwaya ƙarama» ba. Allurar insulin ta masu ciwon suga ba a ajiye ta cikin jaka tun da wuri, saboda zafi yana lalata ta; a liƙa takarda a jikin jakar mai tunatar da a ɗauko ta, a kan hanya kuma a naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle a kare ta daga rana.

Bayan waɗannan, cututtuka biyu ne ke bin bayan ambaliya kusan ko yaushe: gudawa, har da kwalara, da zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka a sa fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, kamar guda goma da ƙwayoyin zinc. Ana zuba fakiti ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya-wata biyu, kuma abin da ya rage bayan awa 24 zubar da shi ake yi. Idan ORS ya ƙare, ana haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin da nufin ƙara ƙarfi, domin yawansa yana cutar da yaro. Zinc kuwa ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 ake ba yaro kullum na tsawon kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuma rabinta. Wanda gudawarsa ta zama kamar ruwan shinkafa, ko idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, a ci gaba da ba shi ruwan ana hanzarta kai shi wurin ma'aikatan lafiya.

A ƙara da farasitamol na manya da na yara, da maganin maleriya irin wanda asibiti ke bayarwa, da bandeji da filasta da auduga da aidin. Ruwan ambaliya yana ɗauke da kashin masai da fasassun kwalabe da tsatsattsen kwano, don haka ƙaramin yanka a ƙafa yana saurin ruruwa idan ba a wanke shi da sabulu an rufe ba.

Mataki na huɗu: ruwan sha

A nan ne lissafi ke gyara tunani. Babban mutum yana bukatar kimanin lita uku a rana don sha kawai, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Iyalin mutum takwas na bukatar lita 72 don kwana uku, nauyin da ba mai iya gudu da shi. Abin da zai yiwu shi ne kowane babba ya ɗauki lita biyu ko uku na ranar farko a cikin gora mai murfi, sauran kuma a dogara ga abin tsabtace ruwa, wanda ba shi da nauyi. Ƙwayoyin kulorin irin su Aquatabs, ko ruwan WaterGuard, ana samun su a kantunan magani; a bi adadin da aka rubuta a jikin fakitin, a jira minti 30 kafin a sha. Idan ruwan ya yi laka, a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a sa maganin, domin kulorin ba ya aiki sosai cikin ruwa mai laka. Inda aka sami wuta, tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka ya wadatar. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ruwanta haka nan ko da ya yi garau a ido. A ɗaura jarka marar komai mai lita 10 a jikin jaka, saboda idan tankar ruwa ta zo sansani, mai mazubi ne ke samu.

Mataki na biyar: abinci

A zaɓi abin da ba ya bukatar girki, ba ya saurin lalacewa, kuma kaɗan daga cikinsa yana riƙe ciki. Garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa da dabino da aya da biskit sun cika waɗannan sharuɗɗa, haka ma nakiya da dakuwa, da kilishi ga mai hali. Fura da dafaffen abinci ba sa kwana biyu, ɗanyar shinkafa da wake kuwa suna neman itace da tukunya da ruwa mai yawa, abubuwan da ba su samuwa a ranakun farko. A auna abincin kwana uku, a ƙulla na kowace rana a ledarsa, a sa garin kunu da madarar gari saboda ƙananan yara da tsofaffi marasa haƙori. Kofi da cokali da ƙaramar tukunya guda da wuƙa da ashana a cikin leda sun isa kayan aiki. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, domin shi ne abinci mafi aminci ga jariri a wurin da ruwa ya gurɓata, ita kuma a fifita ta wajen rabon abinci da ruwa.

Mataki na shida: kuɗi, waya da haske

Wanda ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya san yadda kuɗi a banki ke zama kamar babu. A ranar ambaliya masu POS su ma gudu suke yi, sabis yana yankewa, mai kwalekwale da mai babur kuma kuɗi a hannu suke karɓa. A ware abin da zai isa kuɗin mota na dukan iyali zuwa garin dangi da abincin 'yan kwanaki, a ƙananan takardu na 200 da 500, a raba shi tsakanin mai gida da matansa, kowa ya ɗaura nasa a jiki cikin leda. Mata su sa sarƙa da 'yan kunnen gwal ɗinsu cikin lalita a ɗaure a ƙugu ƙarƙashin tufafi.

Ƙaramar waya mai madannai ta fi babbar waya amfani a nan, tunda cajinta yana kwanaki kuma tana da tocila da rediyo. A haɗa da caja da fawa-bank cikakke da katin waya da ba a kankare ba, a kuma rubuta lambobin dangi a takarda, saboda yawancinmu ba mu haddace lambar kowa ba. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112. A nemi kuma lambar mai unguwa da ta ofishin hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, a rubuta. A sa tocila mai batir da ƙarin batura, da rediyo idan wayar ba ta da shi, domin ta gidajen rediyo ake sanar da hanyoyin da ruwa ya yanke da wuraren da aka buɗe sansani. Usur ƙaramin abu ne, amma wanda ya maƙale a kan rufi muryarsa tana dishewa cikin sa'o'i kaɗan, ƙarar usur kuwa tana kaiwa nesa.

Mataki na bakwai: sutura, shimfiɗa da tsabta

Kowa ya sami canjin kaya ɗaya, yara ƙanana biyu, da rigar sanyi, domin jiƙaƙƙen yaro yana ɗaukar sanyi ko a watan Agusta. Zani biyu ko uku na ƙari suna aiki da yawa: goyo, mayafi, shimfiɗa, labulen sirri a ajin makarantar da aka tara iyalai masu yawa. Silifa tana zamewa ruwa ya tafi da ita, don haka takalmin roba mai rufi ko mai maɗauri ya fi. Gidan sauro mai magani wajibi ne, a haɗa shi da igiya mai tsawon kamar mita goma da ledar shimfiɗa ko ƙaramin tamfol. A sa sabulun wanka da na wanki, da buta, da audugar mata wadda za ta isa kowace mace da budurwa a gidan, abin da maza masu haɗa kaya kan manta, kuma mata kan ji nauyin roƙa a sansani. Alƙur'ani ko wani littafin ibada a naɗe shi cikin leda a sa shi a sama.

Mataki na takwas: masu bukata ta musamman

Mai cikin da ya wuce wata bakwai ta haɗa kayan haihuwarta a leda guda: sabuwar reza da ba a buɗe ba, zare mai tsabta, safar hannu, ledar shimfiɗa, sabulu, maganin cibiya na chlorhexidine, zannuwa da kayan jariri. Idan akwai hali, gara ta koma gidan dangi a kan tudu kusa da asibiti tun lokacin da aka fara gargaɗi. Tsoho a tanadar masa sandarsa da tabarau, a kuma sanya sunan matashin da zai goya shi ko ya tura shi a baro, kada a bar wannan ga sa'a.

Kowane yaro a rubuta masa takarda mai ɗauke da sunansa da na mahaifinsa da unguwa da lambobin waya biyu, ɗaya ta wani ɗan'uwa da ke wani gari, a naɗe ta cikin leda a rataya masa a wuya kamar laya. Malamin tsangaya ya yi wa almajiransa haka, ya kuma sa littafin sunayensu da garuruwan iyayensu cikin tasa jakar. A sa hoton kowane yaro na kwanan nan cikin ledar takardu, saboda cigiya da hoto ta fi cigiya da kwatance.

Mataki na tara: abin da za a bari, da yadda za a fita

Gado da kujeru da kwanukan jere da talabijin da buhunan hatsi ba kayan gudu ba ne. Na san zafin barin kayan ɗakin da iyaye suka yi shekaru suna tarawa, amma komawa ɗauko kaya yana cikin abubuwan da ke hallaka mutane bayan sun riga sun tsira. Abin da ake yi wa irin waɗannan kaya shi ne a kwashe su tun ana gargaɗi: hatsi da iri da taki a kai gidan dangi a tudu ko a ɗaga su kan benci da duro, dabbobi kuma a kora su wuri mai tsayi tun da rana. Idan lokaci ya ƙure, a kwance su daga turke, domin dabbar da ke sake tana iya neman tudu da kanta.

A rataye jakar kusa da ƙofa, sama da ƙasa, inda kowa ya sani kuma ana iya lalubo ta cikin duhu. A zauna da iyali a amince da wurin haɗuwa guda biyu, ɗaya a cikin gari kamar masallacin Juma'a ko makarantar da ke kan tudu, ɗaya a wani gari. Mai gida ya faɗa wa matansa a fili, tun yanzu, cewa idan ruwa ya taso ba ya nan su ɗauki yara su fita ba tare da jiran izininsa ko dawowarsa ba. Wannan magana guda tana iya ceton gida sukutum. Duk farkon wata na damina a buɗe jakar, a cinye abincin a sa sabo, a musanya magunguna da sababbi, a gwada tocila, a sake cika fawa-bank.

Idan lokacin fita ya yi, a kashe wutar lantarki daga babban makunni muddin ƙafa ba ta cikin ruwa, a rufe tukunyar gas, a ƙirga mutane da sunayensu a bakin ƙofa. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu kaɗan, kimanin santimita 15, yana iya kayar da babba, wanda ya kai santimita 60 kuma yana tafiya da mota, don haka kada a ratsa shi da ƙafa ko da abin hawa idan akwai wata hanya. Inda ratsa ruwan da ba ya gudu ya zama dole, na gaba ya riƙa dogara sanda yana laluben kwalbati da bakin rijiya da ramin masai, a goya ƙanana, a ɗora jaka a kai, a nisanci wayar lantarki da ta faɗo da katangar ƙasa da ta jiƙa, a kuma lura da macizai, waɗanda su ma tudu suke nema. Da an isa sansani, a sake ƙirga mutane, sannan a je a yi rajistar iyali wurin jami'an SEMA ko na hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a ranar farko, domin da wannan rajista ake rabon abinci da tabarmi da magani.